Gado da Magani: Dalilin da Ƙwaya Ɗaya Ba Ta Yi wa Kowa Aiki Iri Ɗaya

Likitoci sun daɗe da sanin cewa mutum biyu masu ciwo ɗaya, waɗanda shekarunsu da nauyinsu suka yi kusa, za su iya shan magani ɗaya a ma'auni ɗaya, ɗaya ya samu sauƙi, ɗayan kuwa maganin ya ƙi kama shi, ko ma ya jawo masa wata illar da ta fi ciwon farko. Abinci da lafiyar ƙoda da sauran magungunan da majinyaci ke sha duk suna da hannu a cikin wannan bambanci, amma wani kaso mai yawa nasa yana komawa ne ga ƙwayoyin gado, wato umarnin halitta da ɗa ke karɓa daga uwa da uba, wanda shi ne ke tsara yadda jiki zai ƙera sinadaran da ke sarrafa duk abin da ya shiga cikinsa. Irin waɗannan sinadarai su ake kira enzayim, kuma akasarin masu narkar da magani a hanta suke aiki.

Misalin da ya fi shafar Afirka ta Yamma shi ne ƙarancin wani enzayim mai suna G6PD, wanda aikinsa shi ne kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. An gano matsalar ne bayan an lura cewa maganin zazzaɓin cizon sauro da ake kira firimakwin, wanda aka riƙa bai wa sojojin Amurka a lokacin yaƙin Koriya, yana farfasa jinin wasu daga cikin sojoji baƙaƙen fata, har a shekarar 1956 masu bincike a Jami'ar Chicago suka tabbatar da cewa ƙarancin wannan enzayim ne sanadi. An ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 400 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addabar jama'a, domin yana bai wa mai shi wata 'yar kariya daga tsananin cutar, abin da ya sa ya yi ta yaɗuwa daga zuriya zuwa zuriya. Ya fi bayyana ga maza, saboda ɗa namiji daga mahaifiyarsa kaɗai yake gadonsa, ba shi kuma da kwafi na biyu da zai cike giɓin, ko da yake mata ma ba su tsira gaba ɗaya ba.

Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne mai wannan gado yakan rayu lafiya ƙalau, bai san yana da shi ba, sai ranar da ya sha maganin da bai dace da shi ba, kamar firimakwin ko dafson ko wasu magungunan sanyin fitsari, sannan cikin kwana biyu ko uku idanunsa su yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, jiki ya mutu saboda ƙarancin jini. Saboda irin wannan illa ce aka janye maganin zazzaɓi mai suna Lapdap daga kasuwa a shekarar 2008. Jarirai kuwa sun fi kowa shiga haɗari, domin kafur da ake sakawa a cikin tufafinsu, har ma da lallen da ake shafa musu, na iya tayar da shawara mai tsanani wadda takan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin takaici ne a ce gwajin jini mai sauƙi da zai bayyana wannan tun a ranar haihuwa bai zama ruwan dare a asibitocin yankin ba.

Maganin kashe raɗaɗi mai suna kodin yana nuna wata fuska ta lamarin. Shi kansa ba ya kashe raɗaɗi sosai sai bayan wani enzayim na hanta mai suna CYP2D6 ya mayar da wani ɓangarensa mofin. Tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa ba su da wannan enzayim mai aiki, don haka kodin ba ya yi musu amfani, yayin da wasu mutane suka gaji kwafinsa fiye da biyu, jikinsu na samar da mofin da sauri har ya danne numfashi. Wani bincike da aka buga a 1996 ya sami irin wannan gado a kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada. Mutuwar wasu yara bayan an cire musu ƙululun maƙogwaro ta sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi a 2013, sannan ta hana bai wa 'yan ƙasa da shekara 12 kodin a 2017. Tiramadol ma ta hannun wannan enzayim yake bi, wanda ke nufin cewa adadin da wani matashi ya sha ya tashi, shi ne zai iya halaka abokinsa.

Bai kamata a ɗauki launin fata ko ƙabila a matsayin madadin gwaji ba, domin Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, kuma abin da aka samu a Habasha ba lallai ne ya dace da Kano ko Damagaram ba. Sai dai yawancin binciken da aka gina ma'aunin magunguna a kansa an yi shi ne a kan Turawa, kuma wannan giɓi ne shirin H3Africa ya taso don ragewa ta hanyar tallafa wa masana na nahiyar su yi nazarin jama'arsu. Kafin irin wannan gwaji ya wadata, tarihin dangi shi ne mafi kusa da hannu: majinyacin da ya san cewa wani magani ya taɓa sa fitsarin ɗan'uwansa ko kawunsa ya yi baƙi, ko an taɓa yi wa jariri ƙarin jini a gidansu saboda shawara, ya wajaba ya shaida wa likita kafin a rubuta masa magani.