Kada ka ɗaure noti tukuna: harhaɗa kayan ɗaga ƙarfe a gida

Kayan ɗaga ƙarfe na gida a wargaje suke zuwa cikin kwali: ginshiƙai huɗu da sandunan giciye da za su zama keji, benci, leda cike da bol da noti da washa, sai takarda mai zane. Ƙarfen da kansa ba kasafai yake karyewa ba. Inda ake samun matsala shi ne mahaɗa, wurin da wannan ƙarfe ya gamu da wancan.

Amma kafin a yage kwali, a fara auna ɗaki. Sandar gasa ta maza, wadda ake ɗagawa a wasannin Olamfik, tsawonta mita 2.2 ne, nauyinta kilo 20. Ta mata kilo 15 ce, tsawonta ya ɗan haura mita 2. Ƙara wajen rabin mita a kowane gefe, inda za ka tsaya ka zura faifan ƙarfe, sai ka ga kana neman faɗin da ya wuce mita 3. Daga nan ka tsaya a tsakiya, ka miƙa hannuwa sama, ka dubi silin da fanka. Mutane da yawa ba sa tuna fanka sai sanda ta same ta. Ƙasa kuma, daɓen siminti ya fi tayil, don tayil ba ya jure faɗuwar ƙarfe. Ko wanne ne, a shimfiɗa roba mai kauri.

A duba bakin sanda ma. Iri biyu ne a kasuwa: mai kaurin milimita 50, da siririya mai kimanin 25. Faifan wannan ba ya zama a kan waccan, ko dai ya ƙi shiga, ko ya yi ta rawa. Wanda ya sayi sanda a wani shago, faifai a wani, ya tafi da abin awo.

Yanzu ga ainihin aikin. Masana'anta suna huda rami ya ɗan fi bol faɗi, don ya shige ba tare da guduma ba. Wannan ɗan sararin yana nan a kowace mahaɗa. Idan ka ɗauki sifana ka ɗaure mahaɗar farko tamau, ka daskarar da ita ke nan a yadda ta faɗo, wataƙila a ɗan karkace. Ta biyu ta ɗora nata karkacen a kai, ta uku haka. Kana isa sandar ƙarshe sai ramuka su ƙi haɗuwa, ka fara zagin kamfani. Saboda haka kowane noti a murza shi da yatsu kawai, har kejin ya tsaya da ƙafafunsa gaba ɗaya yana ɗan lilo. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren, kamar yadda magina ke yi wajen fitar da harsashin ɗaki. In awon biyu ya zo ɗaya, kejin ya daidaita. Sai a fara ɗaurewa daga ƙasa zuwa sama. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na riƙe ginshiƙi, ɗaya na zura bol.

Bol ɗin ma ba duka ɗaya ba ne. Dubi kansa, za ka ga lamba, sau da yawa 8.8. Alamar ƙarfinsa ce, kuma ya fi mai 4.6 nesa ba kusa ba. In ɗaya ya ɓata, a nemo mai lamba irin tasa, kada a ɗauko kowanne don girmansu ya zo ɗaya. Akwai noti mai zoben roba a ciki, wanda yake tafiya sumul sannan ya cije a hanya. Ba lalacewa ya yi ba, robar ce take kama haƙoran bol don girgiza kada ta kwance shi. A ci gaba da sifana biyu, ɗaya a kai, ɗaya a noti. Sai dai ginshiƙan nan holoƙo ne, in aka matsa fiye da kima bangon ƙarfen yakan lotsa ciki, kuma ba ya komawa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne sandunan tsaro, waɗanda ake zurawa a gefe biyu na keji. A gidan motsa jiki akwai mai tsaya maka a kai. A ɗakinka kai kaɗai ne, kuma ƙarfe a kan ƙirji ba ya jiran a kira maƙwabci. Kwanta a benci da sanda ba faifai, ka saukar da ita, ka sa sandunan tsaro ƙasa kaɗan da tudun ƙirjinka amma sama da wuyanka. Haka za ka yi wa atisayen tsuguno. Wanda zai ba mai walda aikin benci ko keji, abin da ake yi sosai a garuruwanmu, ya nace a kan waɗannan sanduna, ko da kuɗin ya ƙaru.

Na'ura mai igiyar waya tana da nata hali. Igiyar sai ta zauna cikin kwarin kowace ƙaramar taya, kuma a zura ta kafin a rufe tayar da bol, in ba haka ba sai an sake kwancewa. Kada ka yi mamaki in ka sa kilo 20 ka ji kamar 10: idan tayar tana tafiya tare da nauyin, igiya biyu ce ke raba shi, kai kuma kana jan ninki biyu na tsawo.

Bayan mako biyu da fara aiki a sake bin notuna da sifana, don fenti yakan murje a mahaɗa su yi sako-sako. Da hunturu a riƙa goge ƙurar sandunan da nauyi ke hawa da sauka a kai, kuma a guji giris mai kauri, ƙura yake kamawa. Da damina a shafa wa sandar ɗagawa ɗan mai da tsumma saboda tsatsa. Igiyar da robar jikinta ta tsage har zaren waya ya leƙo, a canza ta kafin a sake ɗora mata nauyi.