Kalmomin Takardar Abinci Da Yadda Giya Ke Samuwa: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu mutanen Bibemi tafiya kan kai mu Garwa, Ngawundare ko Yawunde, don fatauci, karatu ko jinya. Idan yunwa ta kama mutum ya shiga gidan abinci, sai a miƙo masa takardar jerin abinci da Faransanci. Wani ya ƙi cin halal saboda sunan ya ba shi tsoro, wani kuma ya ci abin da aka dafa da giya bai sani ba. Maganin duka biyun shi ne sanin kalmomin, da sanin yadda giyar kanta ke samuwa.

Mu fara da sunayen da baƙi ne a kunne amma abincin namu ne. "Capitaine" giwan ruwa ce, irin wadda masunta ke kamowa a Binuwai da madatsar Lagdo. "Carpe" karfasa ce, "silure" kuma tarwaɗa. "Couscous" a Kamaru sau da yawa tuwon masara ake nufi, "gombo" kuɓewa, "foléré" yakuwa ko zoɓo. "Ndolé" miyar shuwaka ce da gyaɗa, "poulet DG" kuma kaza ce da ayabar suya. A nan abin tambaya kawai shi ne wane nama aka sa, kuma wa ya yanka.

Sai waɗanda za mu kiyaye. "Porc" alade ne, kuma "jambon", "lardons" da "saucisson" galibi daga namansa ake yin su, sai dai in an rubuta cewa na sa ne ko na kaza. Ta ɓangaren maye, babbar kalmar ita ce "vin", wato giyar inabi. "Coq au vin" kaza ce da aka dafa cikinta, haka ma naman "bourguignon" da miyar "madère". "Flambé" na nufin an zuba barasa a kan abincin an kunna mata wuta. "Baba au rhum" kek ne da aka jiƙa da barasa, "panaché" kuma giya ce da aka haɗa da lemo.

To yaya ruwan inabi, wanda yake halal, ke komawa giya? Abu uku ne: zaƙi, yis da lokaci. A tsohuwar hanya ana tsinke inabi a tattake shi da ƙafa ko a matse shi, a zuba a babban mazubi. A jikin ɓawon inabin akwai ƙwayoyin yis da ido ba ya gani. Su ne ke cinye sukarin, su fitar da barasa da iska, shi ya sa ake ganin ruwan yana kumfa kamar yana tafasa alhali babu wuta. Cikin mako 1 zuwa 2 yawancin zaƙin ya ƙare. Idan an bar ɓawon a ciki giyar ta yi ja, idan an cire shi da wuri ta yi fari. Daga nan a tace, a ajiye a gangunan katako watanni ko shekaru. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100. A ƙasar Jojiya har yau suna yin ta a manyan tuluna da ake binnewa a ƙasa, hanyar da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Masanin Faransa Louis Pasteur ne, tun daga 1857, ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai ne ke wannan aiki.

Wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne. "Bil-bil" da ake sayarwa a kasuwannin arewacin Kamaru ɗan uwan burkutu ne: ana jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ruwan ya huce, a sa masa yis ya kwana. Bammi, wanda a kudu ake kira "matango" ko "vin de palme", yana fitowa daga bishiya da zaƙinsa, amma cikin 'yan sa'o'i ya fara juyawa da kansa. "Arki" da "odontol" kuwa tururin irin waɗannan ake tarawa bayan an ɗora su a wuta, don haka sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sunaye sun bambanta, hukunci ɗaya ne, domin hadisin Ibn Umar da Muslim ya ruwaito ya sanya duk abin da ke sa maye cikin hukuncin giya.

Ana yawan cewa wuta tana ƙone barasar da aka dafa abinci da ita. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya nuna akasin haka: abincin da aka yi wa "flambé" yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na barasar, wanda aka dafa minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40, kuma ko bayan awa 2 da rabi akwai saura kusan kashi 5. Saboda haka barin irin wannan abinci shi ne mafita.

Akwai kuma kalmar da ke tsorata mutane ba gaira ba dalili: "vinaigre", wato khal. Asalinta "vin aigre" ne, giyar da ta yi tsami. Idan giya ta sha iska, wasu ƙwayoyi dabam sukan cinye barasar su mayar da ita ruwan tsami, maye ya tafi. Ko kwalbar da aka rubuta wa "vinaigre d'alcool" haka take, sunan yana faɗin asalinta ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya ci khal kuma ya yabe shi. Malamai sun haɗu a kan tsarkin giyar da ta juya khal da kanta, sun kuma saɓa a kan wadda mutum ya juya da gangan. "Vinaigrette" da ake zubawa a salak khal ne da mai da gishiri, wani lokaci da mustad.

Wannan ilimi ya shafi ɗakunan girkinmu ma. Kunun zaƙi, zoɓo da ruwan tsamiya duk suna da zaƙi, yis kuma yana ko'ina, saura lokaci kawai. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40 a yankinmu, juyawar ba ta jira. Ibn Abbas ya ba da labarin cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har yammacin rana ta uku, daga nan ba ya ajiye ragowar. Iyayenmu mata da masu sayarwa su lura: idan gora ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ko kumfa ta taso da wari mai hawa hanci, a zubar. Asarar gora ɗaya ta fi sauƙi a kan shayar da jama'a abin shakka.

Idan muka zauna a gidan abinci, kada kunya ta hana mu tambaya. Jimla biyu sun isa: "Il y a du vin dedans?", ko akwai giya a ciki, da "C'est du porc?", ko alade ne. Matambayi ba ya ɓata. Mu koya wa 'ya'yanmu da ke tafiya karatu waɗannan kalmomi tun kafin su hau mota.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haram. Wallahu a'alam.