Tsakanin Saukar Jirgi da Buɗe Ƙofa

Da zarar tayoyin jirgi sun taɓa ƙasa a filin Malam Aminu Kano, ko a Abuja, ko a Jidda, abin da kunne ke fara ji shi ne hamdala. Bayan ta sai ƙarar ƙarfe, ƙwas-ƙwas, daga wannan kujera zuwa waccan, fasinjoji suna kwance bel. Jirgi bai tsaya ba, ma'aikaciya tana ta roƙo a lasifika kowa ya zauna, amma tuni wani ya miƙe ya buɗe ma'ajiyar kaya da ke saman kai, wani kuma ya kara waya a kunne yana shaida wa mutanen gida cewa ga su nan sun sauka.

Wannan ɗabi'a ba ta mutanenmu ba ce su kaɗai. Ta ishi hukumomin Turkiyya har ta kai, a watan Mayun 2025, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar ta sa tara a kan duk fasinjan da ya kwance bel, ko ya miƙe, ko ya buɗe ma'ajiyar kaya kafin jirgi ya gama tsayawa. Kafafen labarai sun ce tarar ta kai kimanin dala 70. Umarnin ya haɗa da masu tsallake na gabansu su cushe hanya. 'Yan kasuwa da ɗaliban da ke bi ta Istanbul sai su sa wannan a ransu.

Dalilin dokar a fili yake. Bayan sauka, jirgi yakan yi tafiya mai ɗan nisa a ƙasa kafin ya isa mazauninsa, yana ratsa hanyoyin da wasu jirage da motocin aiki ke bi. Matuƙi yana iya taka birki ba zato, kuma wanda ke tsaye a lokacin ba shi kaɗai zai faɗi ba, kan wani zai faɗa. Kayan da ke sama su ma sun gusa saboda jijjigar tafiya. Jaka mai kilo 7, wadda kamfanoni da yawa ke yarda a shiga da ita, in ta suɓuce ta sauko a kan yaro ko tsohuwa, ban haƙuri ba zai gyara ba.

Ko an tsaya ɗin ma, ƙofa ba ta buɗuwa nan take. Sai an kashe injin, an sa wa tayoyi waigi, an jingina matakala ko gadar fita, sannan ma'aikata sun kwance na'urar da ke cillo sulun gaggawa idan aka buɗe ƙofa. Duk wannan yana cin 'yan mintuna, kuma tsayuwar fasinja ba ta rage ko daƙiƙa ɗaya daga ciki.

Sai a duba lissafin wurin. Jirgi ƙirar Boeing 737-800 yana iya ɗaukar mutum 189, shida a kowane layi, amma hanyar da ke tsakiya ɗaya ce tak, faɗinta bai wuce kimanin rabin mita ba. Ba yadda za a yi ta ɗauke kowa a lokaci guda. Shi ya sa al'adar da matafiya suka yarda da ita a ko'ina ita ce fita layi-layi daga gaba: na gabanka ya fita, sannan kai. Mutumin layi na 25 da ya kutsa da kafaɗa, abin da zai samu bai wuce tsallake mutum uku ko huɗu ba, sai kuma harara. In jirgin nesa da gini ya tsaya, zai shiga bas ya tsaya jiran waɗanda ya ture. In ya tsira daga wannan, layin jami'an shige da fice na nan, wurin ɗaukar akwatuna ma na nan, inda kaya ke fitowa ba tare da sanin wanda ya riga sauka ba. Saurin nan nawa yake haifarwa.

Miƙewa bayan an kashe alamar bel dai ba laifi ba ne. Wanda ya shafe sama da awa huɗu daga Jidda zuwa Kano gwiwoyinsa a takure yana da haƙƙin miƙe ƙafa. Laifin shi ne ya danne na zaune da jaka, ko ya juya da jakar goyo a baya ya mari fuskar maƙwabcinsa.

Akwai masu uzuri na gaskiya. Wanda jirginsa na biyu ya kusa tashi, abin da ya fi shi ne ya gaya wa ma'aikata tun ana sama, don wani lokaci sukan roƙi sauran fasinjoji su ba shi hanya. In bai samu haka ba, baki ya isa: “Alhaji, don Allah a taimaka mini in wuce, jirgina ya kusa tashi.” Da wuya a hana mai irin wannan lafazi. Wanda kuma jakarsa ke can baya da kujerarsa, gara ya jira hanya ta yi sauƙi, ko ya roƙi na kusa da ita su miƙo masa, maimakon ya yi ta kokawa da jama'ar da ke tahowa.

Batun tsofaffi yana son bayani, musamman a jiragen alhazai. Tarbiyya ta ce a ba babba hanya, kuma haka ne idan yana iya tafiya da ƙafarsa. Amma mai buƙatar keken marasa lafiya yawanci shi ake fitarwa a ƙarshe, ba don raini ba, sai don a samu sararin ɗaukarsa a natse. Saurayin da ya ce, “Hajiya, bari in sauko miki da jakar,” ya kyauta. Sai dai taimakon ya tsaya nan. Riƙe wa baƙo kaya har a wuce kwastan wani abu ne daban, domin a Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu da jaka a hannu shi ake fara tambaya.

Inda maganar ta wuce ladabi ta zama ta rai shi ne ranar gaggawa. Kafin a ba wani samfurin babban jirgi izinin ɗaukar fasinja, sai an nuna cewa kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Babu jaka a cikin wannan lissafi. A ranar 3 ga Agustan 2016, jirgin Emirates da ya taso daga Indiya ya daki titin sauka a Dubai ya kama da wuta. Hoton bidiyo daga ciki ya nuna mutane suna buɗe ma'ajiya suna jawo kaya, ma'aikata na ihun a bar komai. Duka mutum 300 sun fita, amma wani ɗan kwana-kwana ya rasu wajen kashe wutar. A ranar 2 ga Janairun 2024 kuwa, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo. Wuta ta cinye shi ƙurmus, amma mutum 379 da ke ciki sun tsira ta ƙofofi uku kacal, kuma masana sun yaba da yadda fasinjojin suka bar kayansu suka bi umarni. Hannun da ya saba zarya zuwa ma'ajiya tun jirgi na tafiya, da wuya ya tuna da wani abu daban ranar da hayaƙi ya turnuƙe.

A ranar da aka sauka lafiya kuwa, mintunan jiran buɗe ƙofa suna da abin yi. Lokaci ne na laluba aljihun kujera da ƙarƙashinta, a tabbatar fasfo da waya da tabarau da magani suna hannu, a tattara ledoji da robobin ruwa. Wanda ya riga ya taka matakala ba a barinsa ya koma ciki saboda dokar tsaro. Abin da ya manta sai dai ya kai rahoto ofishin kamfanin, ya jira masu shara su gama aikinsu.