Abin da Ke Hana Injin Sanyaya Gini Yin Sanyi

A filinmu na kimiyya na wannan mako za mu yi magana a kan injin nan da ke sanyaya manyan gine-gine, watau wanda a ke ce wa iyakwandishan. Ba ƙaramin nan na tagar ɗaki mu ke nufi ba, babba mu ke nufi, irin na otal da banki da kanti da asibiti. Da yawa daga cikinku, a Kumasi ko Yawunde ko Jidda, a irin waɗannan wurare ku ke neman abinci, kun kuwa san tashin hankalin da a kan shiga ran da inji ke ta ruri amma gini na nan kamar tanda. Baƙi su kan watse daga otal, magani ya kan lalace a kan kanta, likita kuma ya kan ɗage fiɗa. A irin wannan rana maganar da a kan fara ji ita ce, "Gas ya ƙare, a kira mai gyara ya ƙara." Sau da yawa wannan magana kuskure ce, kuskure kuwa mai cin kuɗi. Bari mu ga dalili.

Abu na fari da ya kamata mu riƙe shi ne, inji ba ya ƙera sanyi. Aikinsa kwashe zafi daga cikin gini ya kai shi waje. Ku dubi randa. Ruwan da ke tsatsowa ta jikinta ya kan bi iska, sa'ad da zai tafi kuwa sai ya tafi da zafi, shi ya sa ruwan ciki ke yin sanyi. Haka gumi ke yi a jikin mutum. Duk ruwan da zai zama tururi, tilas ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. To, masana sun haɗa waɗansu ruwaye masu tafasa tun cikin tsananin sanyi. Wanda a ke kira R-22, in aka sake shi a sarari, ya kan tafasa a wajen digiri 41 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyas, R-410A kuwa a wajen digiri 51 ƙasa da sifiri. Irin waɗannan su ne gas ɗin da a ke ɗura wa inji.

Wannan gas kamar ɗan dako ya ke, mai zango huɗu. A bututun da ke cikin gini ya kan tafasa, ya ɗauki zafin iskar da fanka ke huro masa. Daga nan sai wani famfo mai ƙarfi, wanda makanikai ke kira kwamfiresa, ya matse shi har ya fi iskar waje zafi. Sa'an nan ya shiga bututun waje, wata fanka ta hure shi, ya sauke kayansa, ya koma ruwa. Daga ƙarshe ya bi ta wata 'yar matsattsiyar ƙofa, matsin ya faɗi, ya yi sanyi ƙalau, ya sake shiga gini. Haka ya ke ta kewayawa cikin rufaffen bututu, ba ya ƙonewa kamar fetur, ba ya ƙarewa. Saboda haka in gini ya ƙi sanyi, tambayar da gwani ke yi ita ce, a ina hanyar zafi ta toshe? Sai ya bi ta daki daki, ya fara da abu mai sauƙi kafin mai wuya.

Ya kan fara da ma'aunin da ke jikin bango, wanda ke kunna inji ya kashe shi. Mai yiwuwa wani ya taɓa shi ya mai da shi kan fanka kaɗai, ko kuwa an kafa shi daidai inda iskar sanyi ke bugunsa, sai ya zaci gini duka ya yi sanyi, ya kashe famfo. Daga nan sai wutar lantarki. Manyan injuna da layin wuta uku su ke aiki, in ɗaya ya yanke, fankar ciki ta iya ci gaba da juyawa alhali famfo na tsaye, mutane su ji iska su zaci lafiya lau. Haka kuma in ƙarfin wuta ya yi ƙasa, kamar yadda a kan gani inda a ke dogara ga janareto, famfo ya kan yi ta gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi, abin tsaronsa ya yanke shi. In inji ya tsaya, a ba shi kamar minti 5 kafin a sake kunnawa, don matsin da ke cikin bututu ya daidaita. In kuwa fis ya ƙone sau biyu, kada a ɗaura masa waya. Fis mai gadi ne, ƙonewarsa gargaɗi ce.

Na biyu, iskar cikin gini. A bakin kowane inji akwai mataci mai tare ƙura. In ya toshe, iska ba ta isa bututun sanyi, gas ya rasa zafin da zai ɗauka, har bututun ya yi ƙanƙara. Ga abin mamaki: ƙanƙara a jikin inji, ɗaki kuwa na zafi, gama ita ƙanƙarar ce ta ƙarasa toshe hanyar iska. Maganinsa a kashe famfo a bar fanka ta narkar da ita, kada a sa wuƙa, don bututun jan ƙarfe ba shi da kauri. Sa'an nan a wanke mataci ko a sake shi, a duba fambel ko ya saki, a duba kafofin iska ko wani ya jera kwalaye a gabansu. Akwai awo mai sauƙi a nan. A auna zafin iskar da ke komawa cikin inji, a auna na wadda ke fitowa. In inji na da lafiya, bambancinsu ya kan kai digiri 8 zuwa 11.

A nan ne kuma a kan duba magudanar ruwa, gama inji ba zafi kaɗai ya ke cirewa ba, har da laimar iska. Don laima ma aka fara ƙera shi. A shekarar 1902 wani injiniya, Willis Carrier, ya tsara na farko domin wata maɗaba'a a Burukilin, cikin birnin Niyok na Amurka, inda laima ke sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi zama a gurbinsu. Har yau laimar da inji ya tatsa ta kan taru a faranti ta bi magudana ta fita. In gansakuka ta toshe magudanar, faranti ya cika, injuna da yawa suna da abin da ke kashe su nan take, don kada ruwa ya ɓata rufi.

Na uku, wajen gini, inda ɗan dako ke sauke kaya. Yawanci a kan soro a ke ɗora wannan sashe, ba mai ganinsa sai ran da ya ɓaci. Bututunsa na da 'yan faifan ƙarfe sirara a jere kamar haƙoran mashaci, ƙurar hunturu ko guguwar rairayi irin ta Sudan da ƙasar Makka ta kan like su. In sun like, zafi ba ya fita, matsin gas ya hau, famfo ya yi ta shan wuta a banza, har abin tsaro ya yanke shi. Alamar wannan ita ce inji ya yi sanyi da safe, ya gaza da azahar. A kashe wuta, a wanke da ruwa a hankali, a duba ko fanka na juyawa, a duba kuma ko an gina katanga kusa wadda ke mai do masa da iskarsa mai zafi.

Sai an gama da waɗannan duka a ke zuwa ga gas, wannan kuwa aikin ƙwararre ne mai ma'aunin matsi. In ya tarar gas ya ragu, to, lalle akwai huji. Wanda ya ƙara gas bai toshe huji ba, ya zuba ruwa a kwando. Gwani ya kan nemi inda mai ya yi naso a jikin bututu, gama gas na tafe da man famfo, ko ya shafa kumfar sabulu a mahaɗai ya ga inda za ta yi ƙwai. In zai gwada bututu da matsi, iskar naitirojin ya ke ɗurawa. Ba a sa oksijin ko kusa, don in ta gamu da mai sai fashewa. Bayan ya like huji ya zuƙe iska da laimar da suka shiga, sa'an nan ya ɗura gas bisa awon da ke rubuce a jikin inji. Wanda ya wuce awo ma ɓarna ne, gama ruwan gas ya iya komawa cikin famfo ya karya shi, famfo kuwa shi ne mafi tsada a inji duka.

Gas ɗin da ya tsere ba aljihun mai gini kaɗai ya ke cuta ba. R-22 na cikin masu cin rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana, shi ya sa ƙasashen duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987, suka shirya barinsa, Amurka ta hana yinsa da shigo da shi tun farkon 2020. R-410A da ya gaje shi ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa ya kan riƙe zafin duniya kamar kilo 2,000 na iskar kabon, saboda haka aka amince a Kigali a 2016 a rage irinsa. Waɗansu sababbin, kamar R-32 da R-290, suna kama wuta. Kada a gauraya iri biyu, kada a kusanto da harshen wuta sai an san abin da ke cikin bututu.

Gine-gine mafi girma ruwa su ke sanyayawa a wuri ɗaya, su tura shi ta bututu zuwa ɗakuna, ya fita da sanyin wajen digiri 7, ya komo da wajen 12. Alhazan da suka ziyarci Madina sun ji daɗin irin wannan, gama ruwan da ke sanyaya Masallacin Annabi daga wata tasha mai nisan kamar kilomita 7 ya ke zuwa ta ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan shiri a kan ƙara duba famfon ruwa, da iskar da ta maƙale a bututu, da ɓawon da ruwa mai gishiri ke bari a ciki. Da yawansu kuma suna zubar da zafinsu ta wata hasumiya inda a ke yayyafa ruwa, ita kuwa in an bar ta da dauɗa, abin ya wuce maganar sanyi. A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a Filadelfiya, mutum fiye da 200 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka rasu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, wadda ke hayayyafa cikin ruwa mai ɗumi, masu bincike kuwa suka ɗora zargin a kan ruwan injin sanyaya otal ɗin.

Saura abu guda. Wani lokaci inji lafiyarsa lau, kaya ne suka fi ƙarfinsa. Da tan a ke auna ƙarfin inji, tan ɗaya shi ne zafin da zai narkar da tan guda na ƙanƙara cikin kwana ɗaya, watau wajen wat 3,500. Mutum a zaune ya kan fid da zafin wajen wat 100. Ashe zauren da mutum 300 suka cika ya ƙara wa inji kayan fiye da tan 8, ban da fitilu da kwamfutoci da ranar da ke shigowa ta gilashi. In an mai da sito ɗakin taro, ko an bar ƙofa a buɗe yini guda, ba gas ɗin da zai yi magani.

To, jama'a, shawararmu ga mai kula da gini ita ce ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta ranar da aka wanke mataci, da awon iska, da kowane kilo na gas da aka ɗura. Ya sa a yi babban wanki kafin zafi ya shigo, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa mai gyara ya iso da tulun gas tun bai hau soro ba, a tambaye shi cikin ladabi, "Malam, ina hujin ya ke?" Amsarsa ita za ta nuna ko gwani ne.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.