Layin Dogo Zuwa Tamale: Ina Aka Kwana?

Sama da shekara 120 ke nan tun da jirgin ƙasa ya fara shiga Kumasi, amma har yau ƙararsa ba ta taɓa tada yaro daga barci ba a Gumbihini, ko a Zango, ko a wata unguwa ta Tamale. Kakanninmu sun ji alkawarin zuwansa, iyayenmu sun ji, mu ma ga shi muna ji. A 'yan shekarun nan maganar ta sake tasowa da ƙarfi, domin an shimfiɗa wani sabon layi daga bakin teku ya fuskanci arewa. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna da iyalanmu masu karatu, mu bi aikin daki-daki: abin da aka gama, abin da ya saura, da abin da ya kamata mai gida ya yi kafin jirgin ya iso.

Yadda dogo ya kauce wa arewa

Turawan Ingila sun fara aikin dogo a wannan ƙasa a 1898 daga Sekondi. Layin ya kai Tarkwa, garin zinariya, a 1901, ya kai Kumasi a 1903. A 1923 aka haɗa Akra da Kumasi. Duk inda aka bi da ƙarfen nan, ko dai akwai zinariya, ko koko, ko katako, wato abin da jiragen ruwa ke jira a gaɓa. Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, ya sa layin arewa a cikin shirinsa na raya ƙasa, amma ya bar kujera ba a kafa ko ƙusa ɗaya ba. Ga Turawa, amfanin arewa shi ne ta aiko da leburori zuwa ma'adinai da gonakin koko. Tamale kuwa, ko da yake ta zama hedkwatar yankunan arewa tun 1907, sai aka bar ta da hanyar ƙasa.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin abin da wannan ya jawo. A da, ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su yi wata da watanni kafin su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su ɗauro goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana kasuwar, amma dogo ne ya ƙarasa ta. Da jirgi ya kai Kumasi, ya kuma kai Kano a 1911, sai goro ya sake hanya: daga Kumasi zuwa gaɓa a tarago, daga gaɓa zuwa Legas a jirgin ruwa, daga Legas zuwa Kano a tarago. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa, yana cikin waɗanda suka gane sabuwar hanyar da wuri. Kano ta sami dalar gyaɗa, zangunan da ke kan tsohuwar hanyar Gwanja suka yi shiru. Ciniki yakan bi hanyar da ta fi sauƙi, ya bar wadda aka manta da ita.

Abin da aka gama a ƙasa

Sabon layin ya tashi ne daga tashar jiragen ruwa ta Tema, ya tsaya a Mpakadan, kusa da Akosombo, a bakin tafkin Volta. Tsawonsa kilomita 97. Kamfanin Afcons na ƙasar Indiya ne ya yi kwangilar, da bashin wani bankin gwamnatin Indiya, kuma kuɗin ya kai kimanin dala miliyan 447. An kama aikin gadan-gadan a 2018. Cikin manyan abubuwan da aka gina akwai gada mai tsawon mita 300 a kan kogin Volta. An sayo jiragen fasinja daga kamfanin Pesa na ƙasar Folan, suka iso a 2024. A watan Nuwamba na wannan shekarar Shugaba Akufo-Addo ya buɗe layin, sa'an nan a 2025 aka fara ɗaukar fasinja a wani sashe nasa.

Wannan layi ya bambanta da na Turawa. Tsohon dogon Gana matsattse ne, tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,067. Sabon kuwa milimita 1,435 ne, wato faɗin da yawancin ƙasashen duniya ke amfani da shi, wanda ke ɗaukar kaya masu nauyi da gudu mai yawa. Amma kuma jirgin sabon layi ba zai hau tsohon ba. Ke nan ba gyara ake yi ba, sabon gini ne daga tushe.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, layin Tema zuwa Mpakadan kashi na farko ne na babban shirin haɗa Gana da Burkina Faso. A takarda, dogon zai ci gaba ta Hohoe, Nkwanta, Bimbila, Yendi, ya shigo Tamale, ya wuce Walewale, Bolgatanga, Navrongo da Paga, ya ƙare a Wagadugu. Jimilla kimanin kilomita 1,100. Akwai kuma wani layin a cikin babban tsarin dogo na ƙasa da aka zana a 2013, wanda zai taso daga Kumasi ta Techiman, Kintampo da Buipe zuwa Tamale. Dukansu biyu, daga inda ƙarfe ya tsaya zuwa nan, zane ne a kan taswira.

Mu yi lissafi

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, kuma lissafi ɗan'uwan gani ne. Kilomita 97 cikin 1,100 bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. An yi kimanin shekara shida ana wannan kashi, wato wajen kilomita 16 a shekara. In aka raba kuɗin da tsawon, kowace kilomita ta ci fiye da dala miliyan huɗu da rabi. Duk mai gidan da ya taɓa ginin ɗaki biyu ya tsaya a linta saboda tsadar siminti, zai fahimci abin da waɗannan alkaluma ke faɗa.

Sai kuma halin aljihun gwamnati. A watan Disamba na 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, a 2023 ta shiga yarjejeniyar dala biliyan 3 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta samun sabon bashi mai yawa cikin sauƙi, dogo kuwa ba a yin sa da ƙaramin kuɗi. Ba don mu kashe wa kowa gwiwa muka kawo wannan ba. Sannu ba ta hana zuwa. Amma wanda ya san tafiyar da nisa, guzurinsa daban yake da na wanda aka ce wa gobe za a isa.

Akwai wata 'yar gajeriyar hanya da za ta iya amfanar mu kafin ƙarfe ya iso. Dalilin tsayar da layin a bakin tafki shi ne a sauke kaya daga tarago zuwa jirgin ruwa, a bi Volta da su zuwa Buipe, inda dama ake sauke man fetur da siminti, daga nan manyan motoci su kawo su Tamale, tafiyar wajen kilomita 100. Sai dai wannan ba zai yi aiki ba sai da ingantacciyar tashar ruwa a Mpakadan da isassun jiragen dakon kaya. Ga mai neman alamar ci gaba ta kusa, nan ya kamata ya zuba ido.

Darasi daga maƙwabta

Buɗe layi daban, tafiyar jirgi daban. A Nijar an shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 140 da 'yan kai daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016, amma bai shiga jigila ba, domin ba a haɗa shi da layin da ke kaiwa teku a Kwatano ba. A Abuja an buɗe ƙaramin jirgin cikin gari a watan Yuli na 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai watan Mayu na 2024, bayan an gina hanyoyin mota da ke kaiwa tashoshinsa. A da, tashoshin na nan amma isa gare su wahala ne. A wani gefen kuma, Dakar ta buɗe jirginta zuwa Diamniadio, kilomita 36, a ƙarshen 2021, ya sami karɓuwa nan da nan domin ya ratsa unguwannin da jama'a suke. Alhazanmu ma sun ga jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010: layi ne gajere, amma an sa shi daidai inda cunkoso yake. Layin Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, shi ma da wannan ma'auni za a auna shi.

Ke nan tambayoyi huɗu ne ke nuna gaskiyar kowane aikin dogo. An sami kuɗin, ko ana nema ne? An auna hanyar an biya masu filaye diyya? An fara tara ƙasa da gina gadoji da kwalbatoci, waɗanda su ne ke cin yawancin lokaci? In an gama, wane kaya da waɗanne mutane zai ɗauka kullum? Aza harsashi da yanka ƙyalle ba sa amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Me ya sa muka damu

Tamale ta girma. A ƙidayar 2021, birnin da maƙwabciyarsa Sagnarigu sun haura mutum 700,000. An buɗe gadar sama a tsakiyar gari a 2022, da sabon ginin filin jirgin sama a 2023. Cikin gari babura da kekuna da yalo-yalo ke ɗauke da jama'a. Amma doyarmu da shinkafa da masara da waken soya da kaɗanya da shanu duka a bayan manyan motoci suke yin tafiyar kilomita 600 zuwa Akra, siminti da rodi da taki kuma su biyo wannan hanyar su hau. Kuɗin motar nan yana cikin farashin kowane buhu da uwar gida ta saya, yana kuma cikin ragin da aka yi wa manomi.

Ban da kuɗi akwai rai. A watan Fabrairu na 2016 wata babbar motar fasinja da ta taso daga Kumasi zuwa Tamale ta yi karo da motar kaya kusa da Kintampo, sama da mutum 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 aka sake yin irin wannan a yankin. Kowane tarago da ya ɗauki kayan tirela, ya rage wa wannan hanya nauyi ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Na farko, maganar fili. Da zarar an ambaci dogo, sai dillalai su fara nuna fegi suna cewa nan tasha za ta zauna. Kada mai gida ya fasa asusun makarantar yara, ko uwar gida ta kwashe adashinta, a kan jita-jita. Haka kuma kada a yi gaggawar sayar da gonar gado da arha. Yawancin filayen nan a hannun sarakuna suke, takardar da aka karɓa a fada kuwa mataki ne na farko. A ƙarasa a yi rajista a Hukumar Filaye. Tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa gwamnati biyan diyya mai adalci ba tare da jinkiri ba idan ta karɓi fili don amfanin jama'a, amma mai takarda ne ke da bakin magana. Filin da magada ba su raba ba, a zauna a daidaita tun yanzu, kada diyya ta zo ta raba zumunci.

Na biyu, yaranmu. Aikin dogo na bukatar masu walda, masu awon ƙasa, makanikai, masu aikin lantarki da direbobin manyan injuna. Akwai Jami'ar Fasaha a nan Tamale, akwai kuma makarantar koyon aikin dogo da Jami'ar Ma'adinai ta Tarkwa ta buɗe a Essikado. Sana'o'in nan suna ciyar da mai su ko jirgi ya zo ko ya yi jinkiri. In ba mu shirya ba, za a zo da ma'aikata daga nesa, namu su tsaya a haƙa rami, kamar yadda aka yi wa kakanninsu.

Na uku, amana. A watan Afrilu na 2024, ana cikin gwajin sabon jirgin Tema, ya yi karo da wata motar kaya da aka bari a kan layi, tun bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Dogo dukiyar kowa ce, kuma bashin da aka ci don yin sa jikokinmu ne za su ƙarasa biya. Mu koya wa yara tun yanzu cewa ba a shanya a kansa, ba a kasa kaya, ba a kwance ƙusarsa a kai wa 'yan gwangwan.

Na huɗu, bakinmu. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da maganar jirgi, a karɓe shi da mutunci, a kuma yi masa tambayoyin nan huɗu, a nemi ya faɗi kilomita nawa da kuma wace shekara. Limamai da sarakunan Zango da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata, in suka haɗa murya da sarakunan Dagomba, za a saurare su fiye da mutum ɗaya.

Alkawari kaya ne, kuma wannan ya daɗe a kan masu mulki. Kilomita 97 ba ƙaramin abu ba ne, domin karo na farko ke nan da sabon ƙarfe ya juya fuska zuwa gare mu. Sauran tafiyar kuwa tana bukatar haƙuri da sa ido. Allah Ya nuna mana ranar da ɗan Gumbihini zai yanki tikiti a tashar garinsu, Ya kuma kiyaye matafiyanmu da ke kan hanya kafin wannan rana.