BA A CINIKIN BIRI A SAMA: KAFIN KA SAYI INJIN WALDA NA HANNU

Duk wanda ya zaga Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san yadda sana'ar walda ta bunƙasa, har matasa da dama suna sha'awar kafa 'yar runfarsu a ƙofar gida. To, amma sabon injin waldar TIG ba ƙaramin kuɗi gare shi ba, shi ya sa akasari akan koma ga na hannu. A nan ne kuwa mutum kan zubar da jarinsa a yini guda.

Ita wannan walda an ƙago ta ne a Amurka a 1941 domin ƙera jiragen sama. Tsinkenta na tangistin ne, ba ya narkewa, sa'an nan iskar gas ta agon ce ke lulluɓe wurin ɗinkin don kada iska ta ɓata shi. Saboda haka sassanta sun fi na waldar yau da kullum yawa, kowanne kuwa yana iya kawo cikas.

Da farko dai a karanta farantin da ke jikin injin. Wutar gidajenmu layi ɗaya ce mai ƙarfin volt 230, alhali wasu injunan na masana'antu ne masu bukatar layi uku. A duba kuma ko yana ba da wutar AC, domin da ita ake waldar alminiyam. Mai DC kaɗai na baƙin ƙarfe ne da ƙarfen da ba ya tsatsa. A farantin akwai lissafin juriya: in an rubuta kashi 60 cikin ɗari, watau minti 6 zai yi yana aiki cikin kowane minti 10.

Bayan wannan sai gwaji, domin gani ya kori ji. Mai saye ya tafi da guntayen ƙarfensa, ya nemi a kunna. Shin wuta na kamawa ba tare da tsinke ya taɓa ƙarfe ba? Gas na fitowa, kuma yana ci gaba na 'yan daƙiƙoƙi bayan an saki? Fanka na juyawa? A gwada ƙaramar wuta da babba, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo ko kumfa zai tashi, a kuma lura da ƙaurin ƙuna. Kada a sa hannu cikin injin ko da an kashe shi, don wasu sassan kan riƙe wuta.

In mai sayarwa ya ce babu gas ko babu wuta, a haƙura har ranar da za a samu. Wanda ya ƙi a gwada kayansa, ai ya riga ya faɗi aibinsu. Araha dai ba ta ado.