Kunne Bayan Sanƙarau: Na'urorin Da Ke Taimaka Wa Kurma Ya Ji

Daga shigowar hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin sanƙarau ne a ƙasar Adar. Iska tana busawa, ƙura tana tashi, maƙogwaro yana bushewa, cuta kuma tana samun ƙofa. Tsofaffinmu na Tawa da Kalfu da Barmu da Takanamat ba su manta da annobar 1995 da 1996 ba. A 1996 kaɗai, mutane wajen 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. A 2015 ma cutar ta sake yin ɓarna a Nijar.

Mun saba ƙirga waɗanda suka mutu. Waɗanda suka tashi fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka warke daga sanƙarau mai tsanani, 1 yakan fita da wata naƙasa. Kurumta tana cikin waɗanda aka fi gani. Yaro ya bar asibiti, iyaye suna murna, sai a lura ana kiransa ba ya waiwayowa. Saboda irin wannan yaro muka yi wannan bayani.

Yadda kunne yake ji

Sauti yana shiga ramin kunne, ya bugi dodon kunne kamar yadda makaɗi yake bugun fatar ganga. Bayan dodon akwai ƙananan ƙasusuwa 3. Su ke miƙa motsin zuwa wani ɗan gida mai kama da katantanwa. Cikin katantanwar akwai ruwa da wasu ƴan gasu masu laushi, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mai da motsi ya zama saƙo, jijiya ta kai shi ƙwaƙwalwa. Idan waɗannan gasu suka mutu, ba su sake tsirowa. Su ne sanƙarau yake kashewa. Ƙarar injin niƙa da ta injin ban-ruwa ma tana cin su sannu a hankali.

Na'ura ta farko: mai ƙara sauti

Wannan ƴar ƙarama ce, ana rataya ta a bayan kunne. Tana ɗaukar magana, ta ƙara mata ƙarfi, ta zuba ta cikin kunne. Wani Ba'amurke mai suna Miller Reese Hutchison ya ƙera irinta mai aiki da lantarki a 1898. A lokacin babba ce, mai wuyar ɗauka. Daga 1952 aka fara yin ƙanana. Daga 1996 kuma aka samu masu ƴar kwamfuta a ciki, waɗanda likita yake daidaitawa gwargwadon jin mai su.

Tana amfanar wanda jinsa ya ragu amma bai tafi duka ba, kamar dattijon da sai an ɗaga murya yake ji. Abu uku take so: pil, tsabta da bushewa. Pil ɗinta ƙarami ne kamar maɓallin riga, yakan ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba. Don haka ne a ƙasar Botsuwana, tun 2002, wasu kurame ma'aikata suka shiga haɗa irin wadda ake cika pil ɗinta da hasken rana. Rana kuwa ba ta yi mana ƙaranci a Adar ba.

A nan akwai gargaɗi. Kada ɗan cirani ya sayo na'ura a bakin titi a Abijan ko Legas ya liƙa wa tsohonsa ba tare da awo ba. Kamar tabarau take: na wani ba ya yi wa wani. Idan ƙararta ta yi yawa, tana iya lalata ɗan jin da ya rage.

Na'ura ta biyu: wadda ake dasawa

Wanda gasun katantanwarsa suka mutu sarai, ƙara sauti ba ya yi masa amfani. Masana sai suka yi tunani: in ƙofa ta toshe, a kai saƙon ga jijiya kai tsaye. A 1957, a birnin Paris na Faransa, André Djourno da Charles Eyriès suka sa waya a jijiyar kunnen wani kurma, ya ji ƙara kamar kukan gyare. Magana dai bai gane ba. Likita William House ya ci gaba da gwaji a Amurka daga 1961. A 1977 Ingeborg da Erwin Hochmair a ƙasar Ostiriya, a 1978 kuma Graeme Clark a Ostireliya, suka fito da mai hanyoyi da yawa, wadda take ba mutum damar gane magana. A 1990 Amurka ta yarda a dasa wa yara. Zuwa 2019, an dasa fiye da 700,000 a duniya.

Na'urar kashi biyu ce. Ɗaya yana waje, a bayan kunne, yana ɗaukar sauti. Ɗayan likita ne yake yin aiki ya sa shi ƙarƙashin fata, ya zura siririyar waya cikin katantanwa. Maganaɗisu ne yake riƙe su biyun. Bayan ƴan makonni, idan wurin ya warke, sai a kunna. Jin da take bayarwa ba irin na haihuwa ba ne. Sai an yi wata da watanni ana koya wa ƙwaƙwalwa ta gane shi.

Kuɗinta miliyoyin sefa ne, ya fi na garken shanu. Tana kuma bukatar pil da gyara da ganin likita har tsawon rai. Ba kowane gida ne zai iya ba. Duk da haka ya kamata mu san da ita, domin tana da lokaci.

Me ya sa ake gaggawa

Dalili na farko: bayan sanƙarau, katantanwar kunne tana iya cikewa da ƙashi cikin ƴan makonni ko watanni. Idan ta cike, waya ba ta samun hanyar shiga. Dalili na biyu: yaro yana koyon magana ne da kunne, musamman kafin ya cika shekara 3. Wanda bai ji ba a wannan lokaci, magana takan yi masa wuya ko da daga baya an samo na'ura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da za mu yi

1. Mu kai yara rigakafi. Tun 2010 aka kawo allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta karya lagon sanƙarau nau'in A. A 2024 aka fara amfani da sabuwa mai kare nau'i 5, a Nijeriya. Allurar ƙyanda ma tana kare kunne.

2. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a tafi asibiti ranar, ko da ranar kasuwa ce.

3. Yaron da ya tashi daga sanƙarau, a nemi a auna jinsa kafin wata ɗaya ya cika. A faɗa wa ma'aikacin lafiya na gari, shi zai rubuta takarda zuwa babban asibitin jiha a Tawa, ko zuwa likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Yamai.

4. A gwada a gida. Uwa ta tsaya bayan yaro inda ba ya ganinta, ta kira sunansa ko ta buga ƙwarya. Ɗan wata 6 yakan juya wajen sauti. Ɗan shekara ɗaya yakan fara cewa inna ko baba.

5. Kunnen da yake zubar da mugunya, a kai shi ga likita. Kada a sa masa gashin kaza ko tsinken ashana, kada a ɗiga mai ko turare.

6. Kada a karɓi allura daga masu tallar magani. Akwai allurai, irin su jantamisin, da suke kashe ji idan aka wuce ƙima.

7. Mai injin niƙa da mai walda su toshe kunne lokacin aiki. Kada a bar goyo kusa da inji.

Idan ji bai dawo ba

Kurma ba wawa ba ne, hankalinsa cikakke ne. Maganar hannu harshe ce, yaro yana koyon karatu da lissafi da sana'a da ita. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Kada a ɓoye yaro a ɗaka, kada a tura shi bara. Duk gidan su koyi maganar hannu tare da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kurumtar yara 10, wajen 6 ana iya hana su. Saboda haka muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi a aji, ɗalibai kuma su karanta wa maƙwabta a dandali da bakin rijiya. Allah ya kare mana ƴaƴanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.